Bin Sawu, Lasifika, Kyamara ko Gwajin Kashi: Da Wanne Za Ka Ƙirga Zakunan da Suka Rage?

Tsakanin 2006 da 2012, Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera, mai kare zakuna da danginsu, da abokan aikinsa sun tattara bayanai a kan manyan gandayen daji 21 na Afirka ta Yamma waɗanda ake kyautata zaton akwai zaki a cikinsu. A huɗu kacal suka tabbatar da shi: Niokolo-Koba a Senegal, Tafkin Kainji da Yankari a Najeriya, sai dajin W-Arly-Pendjari da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. Da suka fitar da sakamakon a 2014, ƙiyasinsu zaki 406 ne ya rage a yankin baki ɗaya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari suna wannan daji na ƙarshe. Dabbar da muke yi wa kirari da manyan dawa ta koma zaune a kan kashi ɗaya da ɗigo cikin ɗari na ƙasar da take yawo a da.

Wannan adadi bai tsaya a takarda ba. Da shi aka kafa hujja a 2015 har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa zakin Afirka ta Yamma a matakin matsanancin haɗari a Jan Kundinta na halittun da ke fuskantar ƙarewa, matakin da daga shi sai ƙarewa. Ƙa'idar da aka yi amfani da ita tana neman abu uku: baligai masu iya haihuwa su gaza 250, yawansu ya ci gaba da raguwa, kuma kashi 90 ko fiye su kasance a dunƙule a wuri guda. Ka lura da kalmar baligai. Ba a tambayar ko akwai zaki a daji. Ana tambayar guda nawa ne, nawa ne mata, nawa suka isa haihuwa, kuma bana sun fi bara ko sun kasa. Saboda haka ɗalibin da zai yi digiri na biyu ko na uku a kan wannan fanni, ko jami'in gandun dajin da aka ba ɗan kuɗi aka ce ya kawo lissafi, abin da zai fara yankewa shi ne hanyar ƙirga. Hanyoyin da ake bi sun kai biyar, ba su yi daidai da juna ba, kuma wanda ya zaɓi wadda ba ta dace da dajinsa ba zai ƙare da lambar da ba za ta tsare zaki ko ɗaya ba.

Bin sawu shi ne mafi tsufa, mafi araha, kuma mafi kusa da abin da mutanenmu suka riga suka iya. Ana fita da asuba, kafin iska ta taso ta share ƙasa, kafin wata mota ta bi hanyar. Mabiyin sawu yana zaune a gaban mota, direba yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, rana tana ƙasa-ƙasa don inuwa ta faɗa cikin ramin sawun ya fito fili. In ya ɗaga hannu sai a tsaya. Zai durƙusa ya nuna maka bayan tafin: lanƙwasa uku, babu alamar farce, wannan zaki ne, ko damisa in sawun ƙarami ne. In lanƙwasa biyu ne, a karkace, ga farata sun huda ƙasa, kura ce. Gwani zai ƙara maka da cewa mace ce, da ɗa a gefenta, kuma bayan raɓa ta sauka suka wuce. Philip Stander ya gwada wannan ilimi a Namibiya a shekarun 1990 tare da mabiya sawu na ƙabilar San, ya tarar abin da suke faɗa yana dacewa da gaskiya ƙwarai. Tsofaffin maharba na ƙauyukan da ke kewaye da Yankari suna da irin wannan ido, kuma ina ganin asara ce babba a shirya bincike ba tare da su ba.

Matsalar tana zuwa ne lokacin da za a juya sawu ya zama adadi. Ana ƙirga sawu nawa aka gani a kowane kilomita 100, sai a ninka da wani ma'auni da aka samo daga dazuzzukan da aka riga aka san yawan zakunansu, mafi yawa a kudanci da gabashin Afirka. Ƙasar can ba tamu ba ce. Yashi yana riƙe sawu, laka mai tauri da tsakuwa ba sa riƙewa. Zaki ɗaya mai son bin hanyar mota zai bar maka sawun da za ka ɗauka na biyar ne, biyar kuma da ke gudun hanya saboda tsoron mutane ba za su bar maka komai ba. A dajin da zakuna suka cika, wannan kuskure yana narkewa cikin yawa. A dajin da ake ƙirga su da yatsu, kuskuren ya fi adadin girma.

Indiya ta ɗanɗana wannan da ɗaci. Shekaru da dama ana ƙirga damisarta mai ratsi-ratsi da sawu, ana zuba farar ƙasa a ramin a ɗauki siffarsa, ana cewa kowace dabba da nata. A gandun Sariska na jihar Rajasthan, takardun hukuma suna nuna akwai fiye da goma, sai ga shi a farkon 2005 an tabbatar ko ɗaya babu. Masu farautar sata sun gama da su. Da ƙasar ta sauya zuwa kyamara, ƙidayar 2006 ta ba da 1,411, alhali ƙidayar sawu ta baya tana cewa sun haura 3,600. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne lambar ƙarya ta hana kowa tashi da wuri.

Duk da haka ban ce a jefar da bin sawu ba. Yana da tambayar da ya fi kowa iya amsawa: ina zaki yake, ina ba ya nan? In ka raba daji gida-gida, ka bi kowane gida sau da yawa, ka rubuta inda ka gani da inda ba ka gani ba, akwai lissafin da zai fitar maka da kason dajin da zaki ke amfani da shi, har da gyaran yiwuwar yana nan amma ka kuskure shi. Maimaita wannan kowane rani zai nuna maka ko yankinsa yana tsukewa. Kuma kana cikin tafiyar kana rubuta sawun ɓauna da gwanki da kanki, da na shanu, da tarkon waya da sansanin mafarauta. Ga wanda kuɗinsa bai wuce na mai da alawus ba, wannan aiki ne mai mutunci, muddin bai kira shi ƙidaya ba.

Kiran lasifika kuwa ba zan daɗe a kansa ba, don a namu dazuzzukan shi ne na fi shakka. Ana ɗora manyan lasifikoki a kan mota da dare, a saki kukan ɗan ɓauna da ke cikin wahala, a jira kamar awa guda, a haska fitila a ƙirga abin da ya zo. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu ya yi aiki: Sam Ferreira da Paul Funston sun ƙiyasta zaki kusan 1,700 da shi. Amma sai da suka fara gwada kiran a kan zakunan da suka sani, suka auna daga wane nisa suke amsawa da kuma kaso nawa ke zuwa, suka kuma gano cewa zakanya mai 'ya'ya ba ta cika zuwa ba. Kai da ba ka ga zakin dajinka ba ko sau ɗaya, da wa za ka yi wannan gwaji? Zakin da ya tashi cikin ƙarar bindiga da mushe mai guba ya koyi nesanta kansa da mota. Sai ka kwana goma kana kira, kuraye su cika maka wuri, zaki yana kwance a ciyawa yana kallonka. Ga ƙirga kura hanyar tana da amfani. Sannan a yau, da 'yan bindiga suka samu mafaka a sassan dajin W da na Kainji, tsayawa da dare da lasifika da fitila ba abin da zan ba ɗan wani shawara ya yi ba ne.

Sauran hanyoyin sun bambanta da waɗannan biyun a tushe, domin su suna gane dabba ɗaya-ɗaya. Dabarar lissafinsu mai sauƙi ce. Ɗauka ka je kasuwar ƙauye ranar Talata ka haddace fuskokin 'yan tireda goma. Talata mai zuwa ka koma ka sake cin karo da goma, biyar cikinsu ka san su. Tunda rabin waɗanda ka gani sanannu ne, goman farko rabin 'yan tiredan ne, ke nan sun kai ashirin. Haka ake yi da dabba, sai dai yanzu ana haɗawa da wurin da aka ga kowacce, don lissafin ya san wadda gidanta ke tsakiyar daji da wadda take leƙowa daga gefe. Amfanin wannan shi ne ba ya ba ka lamba tsirara, yana ba ka iyakarta ta ƙasa da ta sama. Ko 406 ɗin da na ambata a farko, masu binciken sun rubuta cewa gaskiyar tana tsakanin 273 da 605. Duk rahoton da ya ba ka adadin zaki bai ba ka wannan tazara ba, ka riƙe shi da hannu biyu.

Kyamarar tarko, wadda ke ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gifta, ita ce ta fi shahara. Ullas Karanth ne ya nuna a dajin Nagarahole na Indiya, a 1995, cewa za a iya ƙirga damisa mai ratsi da ita, don ratsin kowacce daban yake kamar zanen yatsa. Ana ɗaure kyamara biyu suna kallon juna a kan hanyar dabbobi, tsayin gwiwa, saboda ɓarin dama da na hagu ba zane ɗaya ba ne. Ana share ciyawar gabanta don iska kada ta riƙa tayar da ita a banza. Ana barin su wata biyu zuwa uku, ba fiye ba, don kada haihuwa da mutuwa su rikita lissafi. Ga damisarmu, da kura mai ɗigo, da kyarkeci, da rabbi, babu hanyar da ta kama ƙafarta. Rabbin Sahara, wanda baligansa ba su kai 250 ba kuma ake samunsa a yankin Termit na Nijar, da kyamara aka iya nazarinsa a duwatsun Ahaggar na Aljeriya, wurin da mutum zai shekara bai sa shi a ido ba.

Sai dai zaki ba shi da zane. Jikinsa launi ɗaya ne, kamar busasshiyar ciyawa. Abin da ke bambanta shi da ɗan'uwansa ɗigo-ɗigon da gashin bakinsa ke fitowa daga ciki ne. Tun 1970 Pennycuick da Rudnai suka nuna cewa in ka ɗauki cikakken layin sama a matsayin ma'auni, 'yan ɗigon da ke bisa shi, biyu ko uku ko huɗu, suna zaune a wurin da ba ya sauyawa har zakin ya mutu. Ana ƙarawa da tsagar kunne da tabon faɗa. To, kyamarar da ke ɗaukar hoton dare baƙi da fari ba za ta nuna maka wannan ba. Za ka ga zaki ya wuce, ba za ka san wane ne ba. Sai mai farar walƙiya, a kusa, kuma zakin ya juyo da kumatunsa daidai. Don haka in zaki kake nema, kada ka sayi kyamara kafin ka tambayi irin haskenta. Ka kuma sa a kasafinka cewa wasu za su tafi: gobarar daji ta rani tana cinye su, giwa tana tumɓuke su, kura tana tauna su, mai farautar sata da ya ga ta ɗauki fuskarsa ba zai bar ta ba. Batir da katin ajiya da man zagayawa sukan cinye abin da ya kusa kuɗin kyamarorin kansu, sannan ga dubban hotunan gwaggon biri da za ka zauna ka tace.

Akwai 'yar'uwar wannan hanya, wato ka shiga mota da kyamara mai dogon hanci, na'urar GPS tana rubuta duk inda ka bi, ka nemi zakunan da kanka ka ɗauki kumatun kowanne. Nicholas Elliot da Arjun Gopalaswamy sun yi haka a gandun Maasai Mara na Kenya, suka fitar a 2017 cewa akwai zaki kusan 17 a kowane murabba'in kilomita 100, daga baya Kenya ta ɗauki salon a ƙidayarta ta ƙasa. Ita ce mafi tsabta in ta yiwu, don tana ba ka jinsi da shekaru kai tsaye. Amma zakin Mara ya saba da motocin 'yan yawon buɗe ido, yana barci a inuwarsu. A Pendjari wataƙila a samu wasu haka. A Kainji da Yankari ba na jin za ka ga isassu.

Nan ne gwajin kashi ya shigo, kuma shi ne hanyar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba. Kashin zaki yana fitowa da ƙwayoyin bangon hanjinsa, masu ɗauke da DNA wato ƙwayar gadonsa, a jikinsa na waje. In ka samu sabo, baƙi, mai wari, cike da gashin abin da ya ci, sai ka sa safar hannu ka kankare saman ka jefa cikin kwalbar sinadarin ethanol, ka rubuta rana da wuri. Ɗakin gwaji zai gaya maka ko na zaki ne da gaske, namiji ne ko mace, kuma ko shi ne wanda ka tsinci nasa makon jiya a bakin kogin Gaji. Ba ka buƙatar ganin dabbar, ba ka buƙatar fita da dare. Wata 'yar Najeriya, Talatu Tende, ta yi wannan aiki a Yankari da Kainji tare da Jami'ar Lund ta Suwidin, sakamakon ya fito a 2014. Zakunan da ta iya bambancewa ba su wuce goma ba a kowane daji. Ta kuma gano abin da sawu da kyamara ba za su taɓa nunawa ba: zakunan Kainji danginsu na wajen Benin ne, na Yankari kuwa sun fi kusa da na Kamaru. Duk ranar da aka zauna maganar kawo zaki daga wani wuri don ƙarfafa waɗanda suka rage, wannan bayani ne zai ce daga ina. Gwajin yana kuma auna yadda auratayya tsakanin 'yan gida ɗaya ta ci jininsu, wanda shi kansa hanyar ƙarewa ce ga ƙaramin garke.

Wahalarsa ba ƙarama ba ce. Zafin rana yana lalata DNA cikin 'yan kwanaki, da damina kuwa ruwa da buzuzu ba sa barin komai. Da yawa cikin abin da ka tara zai fito na kura ko damisa, wani kuma ba zai karantu ba sam. Mafi haɗari, samfur mara kyau yakan karantu a karkace, zaki ɗaya ya fito kamar biyu, ka ƙirga dabbar da Allah bai halitta ba. Maganinsa maimaita gwajin kowane samfur sau da yawa, kuma kowane maimaici kuɗi ne. Kada ka tsinci kashi ko ɗaya sai ka kulla yarjejeniya da ɗakin gwajin da zai karɓa, ka san kuɗinsa, ka kuma samu izinin fitar da samfur in waje za a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan kashi ba ya faɗin shekaru, don haka tambayar baligai nawa ne sai ka haɗa da hoto.

Abin wuya mai GPS ba hanyar ƙirga ba ce, ko da yake mutane suna ɗaukarsa haka. Sai an samu likitan dabbobi ya harba allurar barci, kuma in zakunanka biyar ne, kasadar rasa ɗaya a wajen kamu ba wasa ba ce. Abin da yake bayarwa daban ne: faɗin yankin da dabba ke yawo, inda take fita daga gandu ta shiga cikin shanu, da abin da ya kashe ta. Wannan na ƙarshe yana da nauyi. Ta biyar cikin ƙa'idojin IUCN na shiga matakin matsanancin haɗari tana karɓar lissafin kwamfuta da ya nuna yiwuwar ƙarewa ta kai kashi 50 cikin shekara goma ko zuriya uku, zuriyar zaki kuwa kusan shekara bakwai ce. Manhaja irin Vortex za ta yi maka wannan hasashe, amma sai ka ciyar da ita da yawan haihuwa da mutuwa na gaskiya. In aro ka yi daga gandun Serengeti na Tanzaniya, makomar zakin Serengeti za ta faɗa maka. A Niokolo-Koba, inda zakuna ba su wuce goma sha biyar ba a 2011 kuma suka ƙaru bayan an ƙarfafa sintiri, an sa wa wasu abin wuya don masu gadi su san inda za su fi cire tarkon waya. Wannan shi ne muhallinsa: tsaro, bayan an san abin da ke akwai.

In ni ne aka ba zaɓi a Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, inda dabbobi ke taruwa a kwarin Gaji da rani, zan haɗa biyu: tsintar kashi tare da mabiya sawu da safe, da kyamarori masu farar walƙiya a mashaya da mahaɗar hanyoyi. Sawun zai nuna inda za a ɗaure kyamara, kashin zai ba da jinsi da dangantaka, hoton zai ba da shekaru, kuma kyamarorin za su ƙirga mini damisa da kura a kyauta. Da zakuna kaɗan haka, mai yiwuwa lissafin sake-gani, irin na 'yan tiredan nan, ya ƙi tsayawa don ƙarancin bayanai. In haka ta faru, sai in rubuta mafi ƙarancin adadin da na tabbatar, da hoton ko lambar jinin kowanne, in tsaya nan. A Kainji, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 5,300, da ɓangaren Nijar na dajin W, tsaro ne zai yanke hukunci kafin ilimi: abin da masu gadi za su iya tarawa a sintirinsu na rana, sawu da kashi, shi ne abin dogaro, sai a horar da su a ba su kwalabe da na'urar rubuta wuri. In kuwa damisa ko kyarkeci ko rabbi ne abin bincikenka, kada ka ɓata lokaci, kyamara biyu-biyu ce amsarka.

Ko wacce ka ɗauka, ka fara bayan an gama ƙona ciyawa, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙasa take a buɗe kuma ruwa ya ragu zuwa wurare sanannu. Ka rubuta kilomitan da ka bi da kwanakin da kowace kyamara ta yi tana aiki, har da ranakun da ba ka ga komai ba, ka ajiye taswirar tashoshinka a ofishin gandun. Wanda zai zo bayan shekara uku yana buƙatar ya bi hanyoyin nan, a watannin nan, ya ɗaure kyamararsa a bishiyar da ka ɗaure taka.